Yadda Ake Haɗa Hoton Taurari a Kwamfuta Tamkar Madubin Hangen Nesa Ne Ya Ɗauko

Taurari suna da nisan da madubin hangen nesa irin na masu kallon sama ba ya iya nuna faɗinsu. Kowane tauraro ɗigo ne kawai. Saboda haka duk abin da ake gani a hotonsa, da dunƙulen hasken tsakiya, da zobban da ke kewaye da shi, da tsinkayen hasken da ke fita ta gefe, da dishi-dishin da ke lulluɓe shi, ba siffar tauraron ba ce. Aikin madubi ne da iska da kamara. Tunda kuma dukkan ukun nan suna bin lissafi, ana iya zama a ɗaki a Katsina ko Daura da laftof ɗaya a haɗa hoton da madubi zai bayar, ba tare da an taɓa madubin ba.

Amfanin wannan ya wuce wasa da hotuna. Ɗalibin fiziks ko na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko a ta Dutsin-Ma, zai iya koyon auna hasken taurari a kan hoton da ya san gaskiyar abin da ke cikinsa, domin shi ya zuba. Wanda kuma ke tara kuɗin sayen madubi zai ga abin da kuɗinsa za su nuna masa a ƙarƙashin hazon hunturu tun kafin ya biya. Sharaɗi ɗaya ne: a bi hanyar hasken yadda take, daga bakin madubi zuwa kamara, kuma kada a wuce mataki sai an gwada shi da lambar da aka sani tun farko. Kyan hoto ba hujja ba ne.

Kayan aiki da madubin da za a kwaikwaya

Ana bukatar Python 3 da NumPy da Matplotlib, sai Astropy da astroquery idan an zo kan taurarin gaske. Laftof mai RAM gigabait 4 ya isa, domin allon lambobin da za mu yi aiki da shi, 1024 sau 1024, megabait 16 kawai yake ci. Wanda ba shi da laftof zai iya farawa a waya da Pydroid 3, sai dai sashen iska zai ja lokaci.

Madubinmu irin na Newton ne: faɗin baki milimita 200, nisan fokas milimita 1000, da ƙaramin madubi a tsakiya mai faɗin milimita 60, sanduna huɗu na riƙe da shi. Kamara kuma kowane fiksel nata maikiromita 3.76. Hasken da za mu fara da shi kore ne mai tsawon igiya nanomita 550.

Ana auna tazara a sama da daƙiƙar kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 3600 na digiri. Daga nan duk inda muka ce daƙiƙa ita muke nufi, lokaci kuwa za mu ce sakan. Lambobi biyu za ka fitar da biro kafin ka kunna kwamfuta. Ta farko, yawan saman da fiksel ɗaya ke gani: 206.265 sau girman fiksel a maikiromita, a raba da nisan fokas a milimita. Namu ya ba da daƙiƙa 0.776. Ta biyu, tsawon igiya a raba da faɗin baki, a ninka da 206265 don a mai da shi daƙiƙa: 0.567. Wannan lambar ita ce awon duk abin da madubin zai zana.

Bakin madubi da sawun tauraro

Idan haske ya shiga ta baki mai da'ira, ba ya taruwa a ɗigo ɗaya ko da madubin ba shi da aibi ko kaɗan. Yana bazuwa ya zama dunƙule da zobba. George Airy na Ingila ne ya warware lissafinsa a 1835. Wannan siffar da ɗigon haske ke bari a kamara za mu kira ta sawun tauraro. A littattafai ana gajarta sunanta da PSF. Hanyar samun ta a kwamfuta gajeriya ce: a zana bakin madubi a allo, a yi masa juyin Fourier, wato lissafin da ke warware siffa zuwa igiyoyin da suka haɗa ta, a ɗauki girman sakamakon a ninka shi da kansa.

```
import numpy as np
N, fadi = 1024, 280
y, x = np.indices((N, N)) - N//2
r = np.hypot(x, y) / (fadi/2)
baki = (r <= 1).astype(float)

def sawu(baki, jinkiri=0):
    igiya = baki * np.exp(1j*jinkiri)
    s = np.abs(np.fft.fftshift(np.fft.fft2(igiya)))**2
    return s / s.sum()
```

Mutane da yawa kan tsaya a kan 280 ɗin nan, su ce me ya hana a cika allon da da'irar. Dalili shi ne, fiksel ɗaya na sakamakon yana daidai da 0.567 sau faɗin da'ira a raba da faɗin allo. In ka cika allon, duk dunƙulen Airy zai matse cikin fiksel biyu ko uku, kuma hasken da ya fita ta gefen dama zai dawo ta hagu ya gurɓata hoton. Dole allo ya ninka da'ira aƙalla sau biyu. Mun zaɓi 280 ne musamman saboda 0.567 sau 280 a raba da 1024 ya ba da 0.155, wanda shi ne kashi ɗaya cikin biyar na fiksel ɗin kamararmu cif-cif. Za ka ga ranar wannan a gaba. In kamararka ko madubinka daban ne, sai ka juya lissafin ka nemo taka lambar.

Layin ƙarshe, inda aka raba da jimla, kada ka tsallake shi. Shi ke sa jimlar sawun ta zama 1, ta yadda in ka ninka shi da ƙwayoyin haske dubu hamsin, dubu hamsin ɗin ne za su shiga hoto. In kuma ka manta fftshift, tauraron zai tsage gida huɗu, kowane yanki a kusurwarsa.

Yanzu gwaji. Mai da fadi ya koma 64 na ɗan lokaci don sawun ya buɗe, ka zana layin da ya ratsa tsakiya. Zoben duhu na farko ya kamata ya faɗo a 1.22 sau 16, wato fiksel 19 da rabi daga cibiya. Hasken da ke cikin wannan zobe ya zama kusan kashi 84 cikin ɗari na duka. Zoben haske na farko kuma kada tsayinsa ya wuce kashi 1.75 cikin ɗari na ƙololuwa. In waɗannan uku ba su fito ba, akwai kuskure, kuma mafi yawa an manta ninka girman da kansa ne, ko an rikita faɗin da'ira da rabinsa. In ka duba hoton ba ka ga zobba ba, ba laifin lissafi ba ne: zana np.log10 na sawun, za su bayyana.

Ƙaramin madubi da sandunansa

Mayar da fadi 280, ka sake lissafa r da baki, sannan ka huda tsakiya ka ja sanduna:

```
baki[r < 0.3] = 0
baki[np.abs(x) < 1] = 0
baki[np.abs(y) < 1] = 0
```

Hudar tsakiya tana tare kashi 9 cikin ɗari ne kawai na hasken, amma ɓarnarta ta fi haka. Hasken dunƙulen tsakiya yana sauka daga kashi 84 zuwa kusan 68, sauran ya koma zobba. Sandunan kuma su ke haifar da tsinkayen nan. Lura da alkiblarsu: sandar tsaye tana ba da tsinken kwance, ta kwance ta ba da na tsaye. Kowace sanda tana jefa tsinke ta ɓangarori biyu, shi ya sa sanduna huɗu masu fuskantar juna ke ba da tsinke huɗu kamar a hotunan madubin Hubble da ke sararin samaniya, amma sanduna uku su ba da shida. Madubin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021 yana da manyan tsinkaye shida saboda madubansa 18 masu kusurwa shida-shida, da wasu ƙanana biyu a kwance daga sandarsa. In kana son ganin haka, zana baki mai kusurwa shida a maimakon da'ira.

A allonmu fiksel ɗaya milimita 0.71 ne, don haka sandar da muka ja siririya ce. In ka ja ta a karkace da wannan kaurin, za ta fito da haƙora, haƙoran kuma su haifar da tsinkayen ƙarya. Magani shi ne a zana bakin a allon da ya ninka wannan sau huɗu, sannan a rage shi ta hanyar ɗaukar matsakaicin kowane gida 4 sau 4, gefuna su yi laushi.

Aibin madubi

Ba madubin da ya cika. Aibi yana nufin wani ɓangaren igiyar haske ya riga wani isowa, kuma wannan jinkirin ne muke turawa cikin jinkiri a lissafin da ke sama. Ana rubuta shi da jerin siffofin da Frits Zernike na Holan ya fitar a 1934. Da t = np.arctan2(y, x), ga waɗanda aka fi cin karo da su:

```
fokas = np.sqrt(3)*(2*r**2 - 1)
astig = np.sqrt(6)*r**2*np.cos(2*t)
koma  = np.sqrt(8)*(3*r**3 - 2*r)*np.cos(t)
kwano = np.sqrt(5)*(6*r**4 - 6*r**2 + 1)
s = sawu(baki, 2*np.pi*(0.07*koma))
```

Lambar da ke gaban kowace siffa yawan aibin ne a ma'aunin tsawon igiya, 2π kuma shi ke mai da shi radiyan. In aka manta 2π, aibin zai fito ƙarami fiye da sau shida, mutum ya ɗauka madubinsa lafiya lau. Gwajin nan shi ne: a kan baki mara huda, aibin kashi ɗaya cikin 14 na igiya ya kamata ya sauke ƙololuwar sawu zuwa kusan 0.8 na yadda take. Wannan ita ce iyakar da masu yin madubai ke ɗauka a matsayin madubi mai kyau.

Ka ɗan daɗe a nan, domin a nan ido ke koyon karanta tauraro. Ƙara fokas zuwa 1.5, za ka ga zobe mai rami a tsakiya, ramin inuwar ƙaramin madubi ce, har da inuwar sanduna. Haɗa astig 0.3 da fokas 0.3, sannan ka juya fokas ɗin zuwa -0.3: tauraron zai miƙe ta wata fuska, ya dawo ya miƙe ta ɗayar. Koma kuwa jela take yi wa tauraro, kuma a madubin Newton tana ƙaruwa daidai da nisan tauraro daga tsakiyar hoto. Ta huɗun ita ce cutar da aka tarar a Hubble bayan harba shi a 1990: gefen madubinsa mai faɗin mita 2.4 ya baje fiye da ƙima da kimanin maikiromita 2, taurari suka fito da hazo kewaye da su, sai da 'yan sama jannati suka je suka saka masa na'urorin gyara a Disamban 1993.

Rawar iska

Duk abin da muka yi zuwa nan hoton madubin da ke sararin samaniya ne. A ƙasa iska ce ke mulki. Rawar da ake gani a saman kwalta a hanyar Katsina zuwa Daura da tsakar rana a watan Afrilu, ita ce dai ke faruwa da dare a duk tsawon iskar da ke bisa kanmu: iska mai zafi da mai sanyi suna cakuɗa, kowace tana jinkirta haske gwargwadonta. Ana taƙaita ƙarfin wannan da lamba ɗaya, r0, wadda David Fried ya shigo da ita a tsakiyar shekarun 1960. Ita ce faɗin yankin da igiyar haske ke isowa a miƙe. Faɗin tauraro a doguwar ɗauka kusan 0.98 ne sau tsawon igiya a raba da r0. In r0 santimita 10 ne, tauraro zai kai daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗoriya, wannan kuwa sai a kan manyan duwatsu. Don cikin gari, a kan rufin da ya sha rana, fara da santimita 5, wanda ke ba da daƙiƙa 2.2.

```
r0, dx = 0.05, 0.2/fadi
f = np.fft.fftfreq(N, dx)
fr = np.hypot(*np.meshgrid(f, f)); fr[0, 0] = np.inf
karfi = np.sqrt(0.023*r0**(-5/3)*fr**(-11/3)) / (N*dx)
rng = np.random.default_rng(7)

def iska():
    c = rng.normal(size=(N, N)) + 1j*rng.normal(size=(N, N))
    return np.fft.ifft2(c*karfi).real * N**2

dogo = sum(sawu(baki, iska()) for _ in range(300)) / 300
```

Lambobin 5/3 da 11/3 daga ƙa'idar Kolmogorov ta hargitsin iska suka fito. Kafin ka haɗa 300, kalli guda ɗaya tak. Za ka ga tauraron ya farfashe zuwa ƙananan ɗigogi da suka kai goma sha wani abu, domin yawansu kusan faɗin baki ne a raba da r0 a ninka da kansa, wato 4 sau 4. Haka tauraro yake a ɗaukar da ba ta wuce 'yan kashi dubu na sakan ba. Haɗa ɗaruruwansu ne ke ba da dunƙule mai santsi na ɗaukar sakan 30. Sawu ake haɗawa, ba igiya ba. In ka tara igiyoyin kafin ka ninka girmansu, za su kashe juna, abin da zai fito kuma ba ya kama da komai a sama.

Akwai rauni ɗaya a wannan hanya da ya kamata ka sani. Allonmu faɗinsa santimita 73 ne kacal, don haka ba ya ɗauke da manyan guguwoyin da ke kaɗa tauraro gaba ɗaya hagu da dama. Sakamakon haka faɗin da za ka auna zai gaza 2.2. Ana gyarawa ta ƙara wa kowane allo ɗan karkata na bazata, ax + by, har faɗin ya kai inda lissafi ya ce. Wanda kuma ba ya bukatar tsinkaye da zobba, sai dunƙule kawai, zai iya barin duk wannan ya ɗauki siffar Moffat ta 1969, wata siffar lissafi ta dunƙulen tauraro, ya sa lambarta da ake kira beta tsakanin 3 da 4.8. Ta fi siffar Gauss dacewa domin taurarin gaske suna da fukafukan haske masu nisa.

Adana dogo da np.save da zarar ya kammala. Aikin minti ɗaya ko biyu ne, amma ba dalilin maimaita shi duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Tsayin tauraro ma yana shiga. Katsina da Daura suna kusa da digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, suna digiri 24 arewa, don haka suna hawa har digiri 79, kusan tsakar ka, da farkon dare a watan Janairu. Suhailu kuwa, wanda Turawa ke ce wa Canopus, ba ya wuce digiri 24 a kudu. Haskensa yana ratsa iskar da ta ninka ta tsakar ka kusan sau 2.4, faɗinsa kuma yana ƙaruwa da wannan lambar a ƙarfin 0.6, wato sau 1.7. In shi kake kwaikwaya, raba r0 da 1.7.

Saukewa zuwa fiksel na kamara

Ga ranar 280. Yanke tsakiyar sawun, fiksel 505 sau 505, ka tattara kowane gida 5 sau 5 ya zama fiksel ɗaya na kamara:

```
def hatimi(s, a=0, b=0):
    y0, x0 = 260 - b, 260 - a
    return s[y0:y0+505, x0:x0+505].reshape(101, 5, 101, 5).sum(axis=(1, 3))
```

Tarawa ake yi, ba tsince ɗaya cikin biyar ba, domin fiksel na gaske yana tara duk hasken da ya faɗo masa. Abin da ya rage kamar buga hatimi ne a takarda: siffa ɗaya, wurare daban, nauyin hannu daban. Sai dai taurari ba sa faɗowa daidai tsakiyar fiksel. In ka tilasta musu, duk za su fito iri ɗaya sak, kuma duk wani awon matsayi da za ka gwada daga baya ƙarya zai ba ka. Shi ya sa aka sa a da b, kowanne daga -2 zuwa 2. Haɗa hatimai 25 ɗin sau ɗaya ka ajiye, kowane tauraro ka zaɓar masa wanda ya fi kusa da ragowar matsayinsa. Tauraro mai tsananin haske zai nuna iyakar hatimin kamar akwati kewaye da shi, don haka irinsa a yanka masa babba, 1005 a maimakon 505.

In kana son farin haske a maimakon kore zalla, maimaita aikin a nanomita 500 da 600. Don ma'aunin fiksel ya tsaya yadda yake, fadi zai zama 308 a na farko, 257 a na biyu. Haɗa ukun, za ka ga zobban nesa sun narke cikin juna kamar yadda suke a hoton gaske.

Taurarin gaske

Kumbon Gaia na Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ya auna taurari kusan biliyan 1.8, kundin da aka saki a Yunin 2022 kuma kyauta ne. Hoton fiksel 1000 sau 1000 a kamararmu yana ganin kusan minti 13 na kusurwa (kowane minti daƙiƙa 60 ne), bai kai rabin faɗin wata ba, saboda haka Kaza ba za ta shiga duka ba. Ɗauki kewayen Alcyone, mafi haskensu, a ra 56.871 da dec 24.105, ka nemi duk abin da ke cikin digiri 0.16. Abin da kake bukata ra da dec, wato lambobin da ke nuna wurin tauraro a sama, ra ta gabas da yamma, dec ta arewa da kudu, sai phot_g_mean_mag, matakin haskensa. Astroquery yana tsayawa a taurari 50 in ba ka sa Gaia.ROW_LIMIT = -1 ba, mutum ya yi ta mamakin yadda sama ta zama fayau. Sauke sau ɗaya ka adana a fayil don kada data ta ƙare a banza. Ka kuma duba ko Alcyone kansa yana ciki, domin Gaia ba ya jure taurari masu tsananin haske. In babu, ƙara shi da hannu da matakin haske 2.87.

A ƙaramin fili irin wannan, matsayi a fiksel shi ne bambancin dec sau 3600 a raba da 0.776 don y, haka ma bambancin ra don x, amma a ninka shi da kosain na dec. A digiri 24 kosain 0.913 ne. Mantawa da shi yana miƙe hoton da kusan kashi 9 cikin ɗari. Sa alamar ragi a gaban x, domin a hotunan sama idan arewa na bisa, gabas na hagu. A imshow kuma sa origin='lower', in ba haka ba hoton zai kife.

Ƙidayar haske

Matakin hasken taurari yana tafiya a juye: ƙaramar lamba, haske mai yawa. Norman Pogson ya daidaita shi a 1856, mataki 5 ya zama ninki 100. Tauraro mai mataki 0 yana aiko da ƙwayoyin haske kimanin miliyan ɗaya a sakan ga kowane santimita murabba'i, a cikin tacin kore da ake kira V. Bakinmu bayan cire huda santimita murabba'i 286 ne. Madubai biyu da taci da kamara suna cinye kusan rabi. Saura miliyan 143 a sakan. Ga kowane tauraro:

```
adadi = 1.43e8 * sakan * 10**(-0.4*(m + k*X))
```

m matakin hasken tauraron ne, X kaurin iska ne, 1.02 ga Kaza a ƙololuwarta. k kuma yawan hasken da iska ke shanyewa. A dare mai tsabta, irin na bayan ruwan sama a ƙarshen damina, sa 0.25. Tauraro mai mataki 12 zai ba da kusan 1,790 a sakan, wato 54,000 a sakan 30. Hazon hunturu ta wannan k ɗin yake shiga, kuma lokacinsa ne lokacin Kaza. Gwada k = 1 ka ga: tauraron nan ya koma 885 a sakan, Suhailu mai X 2.4 kuma ya rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na haskensa. Ƙura tana rage haske tana kuma watsa fitilun gari cikin sama, amma ba ita ke faɗaɗa tauraro ba, don haka kada ka taɓa r0 da sunan hazo.

Sama kanta tana da haske. A cikin gari sa mataki 19 ga kowace daƙiƙa murabba'i, a daji nesa da fitilu 21.5. Fiksel ɗinmu daƙiƙa murabba'i 0.6 ne, saboda haka a sakan 30 na gari yana tara 65, na daji 6.5.

Hayaniyar kamara, bi da bi

Jerin nan ba a sauya shi:

```
tsabta = taurari + sama + 0.1*sakan
e = rng.poisson(np.clip(tsabta, 0, None)).astype(float)
e = np.minimum(e, 50000)
e += rng.normal(0, 3, e.shape)
hoto = np.clip(e/0.8 + 500, 0, 65535).astype(np.uint16)
```

Ƙwayoyin haske ba sa zuwa a jere. Fiksel da ake sa ran zai tara 100 yakan tara 90 ko 110, kaucewar tana kusan tushen murabba'in adadin, wannan shi ne aikin poisson. Ana yin sa ne sau ɗaya a kan jimlar taurari da sama da zafin kamara, bayan an gama buga hatimai. In ka zuba hayaniya sannan ka shafa sawu a kanta, za ta yi laushi ta zama gajimare, abin da kamara ba ta yi. 0.1 ɗin nan lantarkin da zafi ke haifarwa ne ko a cikin duhu, yana kuma ninkawa duk ƙarin digiri 6 ko makamancin haka, don haka kamarar da ba ta da na'urar sanyaya kai za ta bambanta ƙwarai tsakanin daren Janairu da na Afrilu. 50000 cikar fiksel ce. Alcyone zai cika nasa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na sakan, ya fito da kai a daddaɓe, haka kuma yake a gaske. 3 hayaniyar karantawa ce, tana zuwa bayan cika domin a wajen fitar da lamba take aukuwa. 500 kuma ƙari ne da ke hana lamba sauka ƙasa da sifili. In ka cire clip na ƙarshe, lambar da ta sauka ƙasa da sifili ko ta haura 65535 za ta zagayo, ka ga fararen ɗigogi a duhu ko baƙin rami a tsakiyar tauraro mai haske.

Adana da fits.writeto na Astropy, kada ka adana a JPEG, domin yana zubar da lambobin da duk wahalar nan ta haifar. Wajen kallo, cire 500 da hasken sama, ka zana np.arcsinh na abin da ya rage a raba da 10. In ka zana kai tsaye, Alcyone kaɗai za ka gani a baƙin allo.

Gwajin ƙarshe awo ne. Saka tauraro mai mataki 18 a wurin da ba kowa. Lissafi ya ce zai ba da 214 a sakan 30. Zana masa da'ira mai rabin faɗi fiksel 3, kusan fiksel 28 ke nan. Hayaniyar da ke ciki ita ce tushen murabba'in 214 a haɗa da 28 sau jimlar 65 da 3 da 9, wato kusan 49. Haske ya ninka hayaniya sau 4.4 ke nan a gari, da ƙyar ake yarda an gan shi. Da saman daji hayaniyar 27 ce, ninkin ya kai 7.9. Yanzu haɗa hoton sau 200, kowanne da sabuwar hayaniya, ka auna tauraron a kowanne bayan ka mai da lambobin lantarki ta ninkawa da 0.8. Matsakaicin awon zai ɗan gaza 214 gwargwadon hasken da ya zube wajen da'irar, wanda za ka iya lissafawa daga hatimin kansa. Warwatsuwar awon kuma ta tsaya kusa da 49. In ta gaza haka sosai, an shafe hayaniyar a wani wuri ko ana maimaita iri ɗaya a rng. In ta haura, duba ko ka zuba poisson sau biyu, ko wani tauraron Gaia ya faɗo cikin zoben da ke kewaye da da'irar, inda kake auna hasken sama.